Daga Dalas Zuwa Moab: Aikin da Birkin Lantarki Ya Ba Mu a Hanya

Mun tashi daga Dalas bayan sallar asuba a farkon watan Yuni, ni da yayana da iyalinsa, a cikin a-kori-kurarsa, muna janye da tirelar kwana da ya saya hannu na biyu. Ga wanda bai saba ganinta ba, ɗaki ne mai taya, da gado da kicin da banɗaki a ciki, ana maƙala shi a bayan mota a tafi yawon buɗe ido. Tsawonta ƙafa 24, aksil biyu, wato sandunan ƙarfen da tayoyi ke kai, kowane na ɗaukar laba 3,500 (laba ɗaya ta kusa rabin kilo), tayoyi huɗu, kowace taya da birkinta mai duram inci 10, wato gangar ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Moab muka nufa a jihar Yuta, ta hanyar Denba, wato dole mu ƙetare duwatsun Roki. Da yake sana'ata rewaya ce, akwatin kayan aiki a wuyana ya rataya.

Birkin irin wannan tirela ba da mai yake aiki ba, ba kuma da iska ba irin na manyan motoci. Wuta ce zalla. A cikin kowane duram akwai maganaɗisun lantarki a ƙarshen wani lanƙwasasshen hannu na ƙarfe. Direba na taka birki, kwantirola, 'yar na'urar da ke sarrafa birkin tirela daga cikin mota, za ta tura wuta ta shuɗiyar waya, maganaɗisun ya manne da fuskar duram ta ciki, duram yana juyawa ya fizge shi, hannun ya buɗe layinin biyu, wato takalman birki, su matse duram. Wutar ta koma mota ta farar waya, wadda mu ke ce wa at. Gwargwadon wutar da aka tura, gwargwadon kamun. Kowane maganaɗisu na duram inci 10 ko 12 yana jan wajen amfiya 3 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) a kan volt 12, juriyarsa ga wuta kuma, wadda ake aunawa da om, wajen 3.2 ce. Tayoyi huɗu, amfiya 12 ke nan. Duk abin da muka yi a tafiyar nan a kan wannan ɗan lissafi ya tsaya.

Kafin mu ɗaga na yi gwajin da ke raba laifin tirela da na mota. Akwai wani ƙaramin makunni a wuyan tirelar mai fil da igiyar waya da ake ɗaurawa a jikin mota. In tirela ta tsinke a hanya, igiyar ta zare fil ɗin, batirin tirelar ya zuba wa birkunan wuta gaba ɗaya. Sai na cire fulogi mai baki bakwai da ke haɗa wayoyin tirela da na mota tukuna, domin zare fil alhali fulogi na ciki yana iya mayar da wuta baya ya lalata kwantirola. Na zare fil, na maƙala mita mai baki, wadda ke auna amfiya ba tare da an yanke waya ba, a shuɗiyar waya, ta ba ni amfiya 11.6. Na mayar da fil nan take, don maganaɗisu ba ya son a bar shi da cikakkiyar wuta, zafi yake ɗauka, batir kuma ya zube.

A wani gidan mai na manyan motoci kusa da Wichita Falls muka hau sikeli, muka biya dala 14. Tirelar da kayanta ta kai laba 6,100, wajen 750 daga ciki a kan ƙugiyar mota. Dokar Tekzas ta wajabta birki ga tirelar da ta haura laba 4,500, ta Kolorado kuwa daga 3,000 take farawa, don haka ba batun ganin dama ba ne. Hanya mai lamba 287 shimfiɗaɗɗiya ce, ba shinge ko ɗaya, sai dai a kowane ƙaramin gari gudun da aka yarda da shi yana sauka, 'yan sanda kuma na laɓe a bakin garin. Galan ɗin fetur ya ɗan haura dala 3, motar kuma da wannan kaya mil 9 zuwa 10 take yi a galan.

Bayan Childress hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da iska. Nan allon motar ya fara ƙara yana rubuta cewa an cire tirela, can ya ce an haɗa, can ya sake cewa an cire. Na ce, "Yaya, sassauta a hankali, kada ka taka da ƙarfi, ka nemo mana inda za mu raɓe." Abin da ke faruwa shi ne kwantirola tana aika 'yar wuta kaɗan lokaci-lokaci ta shuɗiyar waya don ta ji ko maganaɗisan suna nan. In hanyar ta yanke ko da na ƙiftawar ido ne, sai ta yi ƙorafi. Saƙon da ke zuwa yana tafiya da girgizar hanya kusan kullum maganar haɗi ce, ba ta maganaɗisu ba, kuma wurare biyu ake fara dubawa: fulogi da at.

Fulogin ba laifi sosai, sai ɗan kore-kore a baki biyu, da bakin shuɗiyar waya da ya ɗan buɗe ba ya kama ɗan'uwansa da kyau. Na goge da siririyar sanfefa, na matse shi da ƙaramin sukundireba, na shafa giris ɗin da ake sa wa haɗin lantarki. A nan a yi hattara da kala: tsarin kalar wayoyin fulogi mai baki bakwai iri biyu ne a Amurka, ja da kore da ruwan ƙasa da rawaya suna sauya aiki daga wannan tsari zuwa wancan. Shuɗi na birki da fari na at kuwa ba sa canzawa.

Ainihin ɓarnar a at take. Na sa Yaya ya kunna ƙananan fitilu ya matsa hannun kwantirola, wanda ke kama birkin tirela shi kaɗai ba sai an taka na mota ba, har ƙarshe, sai fitilun gefen tirelar suka dusashe. Wannan alama ce da ba ta ƙarya, wutar birki ta rasa hanyar komawa tana bi ta fitilu. Na ja doguwar waya daga negatif ɗin batirin mota, na auna tsakaninta da shasin tirela ana riƙe da birki, mita ta nuna kusan volt 2. Abin da ake so ƙasa da rabin volt ne. Na bi farar wayar har inda aka ɗaure ta a shasi, ƙarƙashin tulunan gas. Kan wayar ya zama gari, da na taɓa shi da filaya sai tsatsa ta zubo mini a tafin hannu, silin tagulla uku ko huɗu ne kawai suka rage a maƙale. Ashe tun daga Dalas ta ƙwallon ƙugiya wutar ke komawa, ƙarfe a kan ƙarfe, shi ya sa ba ta nuna komai sai da ruwa da tsalle suka shiga tsakani. Gwajin fil ma bai kama ta ba, tunda shi a cikin tirela wutarsa ke zagayawa, ba ta bi ta mota. Na yanke wayar har inda tagulla ke sheƙi, na sa sabon kai mai zobe, na kankare shasi sai da farin ƙarfe ya fito, na ɗaure da washa mai haƙora, na rufe da giris. Awo ya sauko zuwa volt 0.2, allon ya yi shiru.

Mun kwana a wani zangon masu tirela a Amarillo, dala 48 da wuta da ruwa. Hajiya, matar Yaya, ta ɗumama shinkafa da miyar da ta taho da ita, aka haɗa da dambun nama. Washegari muka bi ta Dumas da Dalhart, inda warin garken shanun kiwo ke riga garin isowa, muka shiga Niyu Meksiko ta Clayton. Iskar wannan fili ba ta wasa. Da wata babbar mota ta wuce mu tirelar ta fara kaɗa wutsiya, abin yi a nan shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a matsa hannun kwantirola shi kaɗai ba tare da taka birkin mota ba. Tirelar ta ja baya, layi ya miƙe. Tashoshin awon kaya da ke bakin iyakar jihohi na motocin haya ne, mu wucewa kawai muka yi.

Hawan Raton, mai tudun ƙafa 7,834 sama da teku, shi ne gwaji na farko na gaskiya. Da muka sauko Trinidad a Kolorado Yaya ya ce yana jin tirelar na tura shi fiye da jiya, kuma tana ɗan ja gefe guda. Na ɗauko ma'aunin zafi mai haske na zagaya tayoyin. Uku sun ba ni tsakanin digiri 95 da 110 a ma'aunin Salshiyas, na baya na hagu kuwa 38, ka iya ɗora hannu a kai. Duram mai sanyi bayan gangara bai yi aiki ba ke nan. Na maimaita gwajin fil, amfiya 8.8. Maganaɗisu ɗaya ya fita daga lissafi.

Wanda ba shi da mita mai baki yana iya gane haka da mita ta kullum. A cire fulogi, a auna juriya tsakanin bakin shuɗi da bakin fari na fulogin tirelar. Maganaɗisu huɗu lafiyayyu za su ba da wajen om 0.8, uku wajen 1.1, biyu 1.6, ɗaya 3.2. Sai dai a fara haɗa bakunan mitar da juna a ga abin da wayoyinta ke ci a cire shi, domin a irin wannan ƙaramin awo om 0.2 na iya ɓatar da mutum. Akwai kuma gwaji na kunne: a matsa birki, a kara kunne kusa da taya, lafiyayyen maganaɗisu yana ɗan gunji. Kamfas ma in an kawo shi kusa da duram allurarsa za ta karkata.

Na shiga ƙarƙashi. Wayoyi biyu da ke fitowa daga bayan farantin birki, wato faifan ƙarfen da kayan birki ke ɗaure a kai, an haɗa su da irin maƙalin roba da ake matsewa da filaya ya huda rigar waya. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a sa wannan abu a wurin da ruwa da gishirin hanya ke duka ba, in ban da saurin gama aiki. Ɗaya ya ruɓe, wayar na lilo. Kafin in haɗa na auna maganaɗisun shi kaɗai, om 3.3, na kuma auna daga wayarsa zuwa jikin ƙarfe, ba haɗi, wato lafiyarsa ƙalau. Na haɗa da maƙalin da ake matsewa a gasa rigarsa ta like, na bar ɗan rara saboda hawa da saukar sifirin, na ɗaure da igiyar roba nesa da taya. Maganaɗisu ba shi da kai da gindi, kowace waya aka ba wuta daidai ne. Tunda na riga na kwanta, na sauya sauran maƙalan bakwai duka. Awo ya koma 11.7.

Daga nan zuwa Denba ta Pueblo da Colorado Springs ba wani labari sai cunkoso. Muka sauka a wani zango a gefen birnin, dala 70 a dare, muka yi Juma'a a masallacin Abubakar da ke titin Parker, muka sayi naman halal a Aurora. Hajiya ta yi ta mitar shinkafa ba ta nuna da wuri. Ba laifin shinkafar ba ne, a tudun Denba ruwa a wajen digiri 95 yake tafasa.

A nan na ce ba za mu hau dutse ba sai na ɗaga kowace taya, domin amfiya 12 shaida ce kawai cewa wuta na isa, ba ta ce birki na kamawa ba. Ana kafa jak a shasi, ba a bututun aksil ba don yana lanƙwasa, a sa matokari, a sa waigi a tayoyin ɗaya gefen. A bayan farantin birki daga ƙasa akwai 'yar toshiyar roba, in an cire ta za a ga wani noti mai haƙora. Ana juya shi da cokalin birki ko sukundireba har taya ta yi wuyar juyawa da hannu, sannan a sassauta kaɗan-kaɗan har ta juya da ɗan gogar layinin da kunne ke ji. Ka'idar masu ƙera aksil ita ce a yi haka bayan mil 200 na farko, sannan kowane mil 3,000, sai in birkin mai saita kansa ne. Namu ba shi ba ne, kuma tayoyin baya sun sha juyi da yawa kafin su kama. Layinin da ya yi nisa da duram, ko an ba maganaɗisu wuta duka, hannun zai ƙare tafiyarsa bai matse komai ba. Mutane da yawa sun sayi sabuwar kwantirola a kan wannan.

Tayar gaba ta dama ce ta tsayar da mu. Akwai baƙin danshi a gindin farantin, da na zare duram sai ga giris ya yi kaca-kaca da ciki: layinin ya jiƙe ya yi baƙi yana ƙyalli, fuskar maganaɗisun ta yi santsi, ƙura ta cakuɗe da shi ta zama kwaɓaɓɓen abu mai danƙo. Irin wannan aksil yana da kan giris a tsakiya, mai tirelar na baya ya yi ta bugawa da bindigar giris har sil ɗin baya, robar da ke tare giris, ya tura ya fita. In za a yi amfani da wannan kai, da bindigar hannu ake yi, a hankali, ana juya tayar a sama. Layinin da ya sha giris halinsa biyu: wani lokaci ya cafke taya ta ja ƙasa, in ya yi zafi kuma ya sulɓe. Ba ya wankuwa, ko an fesa masa mai wanke birki giris zai sake tsattsafowa da zarar ya ɗumama.

Wani garejin da muka tambaya ya ce dala 170 a awa, kuma sai bayan mako biyu. Muka sayi cikakken farantin birki guda biyu, na hagu da na dama, kowane da layinin da maganaɗisu da sifirin a ɗaure, dala 130 duka. Aksil guda ake sauya wa gefe biyu tare, in ba haka ba ɗaya zai fi ɗaya kamu tirela ta riƙa ja gefe. Faranti noti huɗu ne da waya biyu, ya fi sauƙi a kan tsintar kayan ciki ɗaya-ɗaya. Wurin da ake kuskure shi ne hagu da dama: gajeren layinin gaba yake kallo, maganaɗisu a ƙasa, hannunsa ya zagayo ta gefen gaba. In aka juya su birki zai yi rauni ƙwarai. Duram ɗin na wanke shi tas na duba fuskar da maganaɗisu ke gogawa, ba kwari. Boris na ciki mai lamba L68149 da na waje L44649 duk lafiya, na wanke na cusa sabon giris da tafin hannu, na buga sabon sil mai faɗin ciki inci 1.719. Notin tsakiya ana ɗaure shi zuwa wajen laba-ƙafa 50 (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti) ana juya duram don boris ya zauna, a kwance shi ba tare da an motsa duram ba, a mayar da yatsa kawai, a sa sabon fil ɗin da ke kulle notin. Notocin taya masu rabin inci tsakanin laba-ƙafa 90 da 120, a sake bi bayan mil 10, 25 da 50.

Sabon layinin ba ya kamawa sosai sai ya zauna da duram. Muka sami wani titi marar mutane a bayan gari, Yaya ya kai mil 40 a awa, ya sauke zuwa 20 da hannun kwantirola kaɗai, a bar tazara birki ya huce, a sake. Sau 20 zuwa 30 ake so. Daga nan aka saita ƙarfin kwantirola: a busasshen titi miƙaƙƙe, gudun mil 25, a matsa hannun duka. In taya ta ja ƙasa a rage, in ba a ji kamu ba a ƙara, a tsaya dab da inda take kullewa. Tamu ta zauna a 6.5 cikin 10. Yaran suka gaji da gaba da baya, ƙaramin ya ce, "Baffa, wai mun ɓata ne?"

Babbar hanya mai lamba 70 tana fara hawa tun daga bakin Denba. Injin da ba shi da turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, don haka muka bi layin dama tare da manyan motoci. A ƙoli akwai hanyar da aka huda cikin dutse mai sunan Eisenhower, tsawonta mil 1.7, a kan ƙafa 11,158. An buɗe ramin farko a 1973, na biyu a 1979. Tankokin mai ba sa bi ta ciki a ka'ida, ta hawan Loveland suke zagayawa. Ana fitowa ta yamma gangara ta fara zuwa Silverthorne, kashi 7 cikin ɗari, wato kowace ƙafa 100 gaba ka sauka ƙafa 7, haka har wajen mil 7.

Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo daga Jos a bayan motar kaya ya san yadda cikin mota ke yin tsit a irin wannan wuri. Dokar direbobin gida ita ce ta nan: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Bambancin a tanadin hanya yake. A gida karen mota ne da waigi a hannu, sai addu'a. Nan tun kafin gangara alluna suna faɗa maka tsawonta da zurfinta, a gefen dama kuma an yi wa motar da birkinta ya ƙone hanyar tsira, wani titi mai hawa sama cike da tsakuwa mai zurfi da ke shanye taya. Biyu muka wuce a wannan gangara, ɗaya da sawun taya sabo a cikinta. Amma tsakuwar ba ta hana birki ƙonewa, warin layinin da ke tashi a ƙasan gangarar iri ɗaya ne da na gida.

Yaya ya sa giya ta biyu tun a bakin ramin, gudu mil 35. In ya haura 40 sai ya taka da ɗan ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya dawo 33, ya ɗaga ƙafa gaba ɗaya. Ɗora ƙafa a kan birki a hankali tun daga sama har ƙasa shi ke kashe duram, zafi ya taru, duram ya buɗe, layinin ya yi gilas, ka taka ka ji ba kowa. A Silverthorne na zagaya da ma'auni, tayoyi huɗu tsakanin digiri 120 da 135. Ba adadin ne ya fi damuna ba, kusancinsu da juna nake nema, shi ke nuna kowa ya ɗauki rabonsa. Hawan Vail, ƙafa 10,662, haka muka sauke shi. Kwazazzabon Glenwood ya cancanci a tsaya a kalla, hanya hawa biyu a gefen kogin Kolorado. Muka wuce Grand Junction, muka karya kudu a hanya mai lamba 191 zuwa Moab, inda zango ya ci dala 82 a dare, zafin rana kuma ya kusa digiri 38.

Maƙwabcinmu a zangon wani dattijo ne ɗan fansho daga Ohayo, shi da matarsa. Ya ga mita a hannuna ya zo da kukansa: kwantirolarsa tana rubuta cewa waya ta haɗe, ta yanke birki, amma sai a hanya mai gargada kawai. Ya riga ya sauya kwantirola da fulogi, ba abin da ya canza. Haɗewar waya kishiyar yankewa ce. Yankewa tana rage amfiya ta ƙara om, haɗewa tana ƙara amfiya ta jawo om kusa da sifiri. Wahalarta ita ce lafiyayyen awo ma 0.8 ne, tazarar kaɗan ce, don haka sai an raba. Muka kwance wayoyin maganaɗisan huɗu, ta yadda tsakanin shuɗiyar waya da shasi bai kamata a sami haɗi ko kaɗan ba. Na sa mitar a kan ƙara, na bi wayar ina girgizawa. Da na iso inda take shiga bututun aksil na baya don ƙetarawa ɗaya gefen, mita ta yi tsuwa. Muka zaro ta, rigarta ta goge a bakin hudar kusan faɗin farce, tagulla a waje da ɗigon baƙin ƙuna. Shekara da shekaru tana kaɗawa a cikin bututun. Ba a mayar da waya cikin wannan bututu. Muka ja sabuwa mai kauri lamba 12, mai riga biyu, ta waje, a bayan bututun inda tsakuwa ba ta duka, muka ɗaure kowane taƙi. Da a ce girgizar ba ta nuna komai ba, maganaɗisan za mu bi ɗaya-ɗaya, don wanda ya cinye har tagullar cikinsa ta fito yana haɗewa da duram ya ba da wannan alama. Matarsa ta aiko wa yara da kek ɗin tufa, Hajiya ta rama da kwanon dambu, dattijon ya ci yana share hawayen yaji.

A gidan mai na Moab kuma muka tarar da wasu matasa biyu, tirelarsu ta ƙi motsi, tayoyi na wari, suna shirin kiran motar ja. Igiyar makunnin tsinkewa suka naɗe a sarƙa, da suka yi kwana mai tsanani ta zare fil. Mayar da fil ɗin bai ɗauki minti ɗaya ba. Igiyar a jikin mota ake ɗaure ta ita kaɗai, ba a sarƙa ba, ba a ƙugiyar da ake zarewa ba, da rarar da za ta isa kwana. Kuma makunnin ba birkin ajiye tirela ba ne, amfiya 12 za su shanye batir, birki ya saki, tirela ta gangara abinta.

Bayan mun zaga gandun shaƙatawa na Arches da ke kusa da Moab muka juyo ta kudu, Monticello, Cortez, Shiprock, Gallup, sannan hanya mai lamba 40 ta Albuquerque zuwa Amarillo. Sabbin farantan sun haura mil 200 tun kafin Moab, a can na sake saita su, kowane ya ɗauki haƙora biyar zuwa shida. Kayan birki duka, da faranti da sil da maƙalai da mai wanke birki da giris, ba su kai dala 200 ba. Da muka iso Dalas na leƙa hudojin aksil ɗinmu, wayar gaba ta fara gogewa ita ma, na zare su duka biyu na bi da sababbi ta waje kafin a kai tirelar wurin ajiya.